Yadda John Constable Ya Koyi Zanen Karkara Ta Hanyar Kwaikwayo

Idan muka duba tarihin masu zanen karkara da fentin mai a ƙasashen Turai, za mu tarar da cewa da yawansu sun fara ne da kwafar aikin magabata. Misalin da za mu ɗauka a nan shi ne John Constable, wanda aka haifa a ƙauyen East Bergholt ta ƙasar Ingila a 1776, ya kuma rasu a 1837.

Wajajen 1795 ne Constable ya haɗu da wani attajiri mai sha'awar zane, Sir George Beaumont. Wannan bawan Allah yana da wani ɗan ƙaramin zane na Hajara da mala'ika, wanda Claude Lorrain, Bafaranshen da ya zauna a birnin Rum, ya yi a 1646. Saboda tsananin son da yake yi masa, har akwati ya sa aka yi masa domin tafiye-tafiye. Da saurayin ya ga zanen, sai idonsa ya buɗe.

To, me mai kwafa yake koya? Na farko, tsari: Claude yakan sa dogayen itatuwa masu duhu a gefe guda, sa'an nan kogi ya ja idon mai kallo zuwa nesa. Na biyu, launi: abin da ke nesa yakan dusashe, ya koma shuɗi-shuɗi. Na uku, haƙuri: fentin mai ba ya bushewa da wuri, don haka akan fara da shafe mara kauri, a jira, kafin a ɗora mai kauri. Duk waɗannan sai hannu ya taɓa burushi ake gane su.

A 1802 Constable ya zana kwarin Dedham, wato yankinsu. Tsarin na Claude ne, itatuwa a dama, sarari a tsakiya, amma kogin Stour ne, hasumiyar cocin kuma ta Dedham ce. Ke nan ya ari ma'auni, ya auna ƙasarsu da shi. Bai tsaya nan ba, domin a 1821 da 1822 ya duƙufa yana zana gizagizai a Hampstead, yana rubuta rana da lokaci da inda iska ta dosa a bayan takardun.

Abin lura shi ne, ƙwarewa ba ta sa ya daina kwafa ba. A 1823, yana da shekara 47, bayan ya riga ya gama shahararren zanensa The Hay Wain a 1821, ya sauka a gidan Beaumont da ke Coleorton, ya shafe makonni yana kwafar zanen Claude. Lalle gemu ba ya hana ilimi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1824, aka nuna The Hay Wain a birnin Faris, Sarkin Faransa ya ba shi lambar zinariya.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Wanda ya tsaya ga kwafa kaɗai zai ƙare a inuwar wani, wanda kuma ya raina aikin magabata zai ɓata shekaru yana laluben abin da aka riga aka gano. Constable ya haɗa biyun, shi ya sa har yau ake kiran yankin kogin Stour da sunansa.