Muryar Omdurman: Tashinta da Dusashewarta

Duk wanda ya yi hidimar gidan rediyo a ƙasar Sudan, kamar yadda Allah ya ƙaddara mini, ya san cewa asalin wannan sana'a tamu yaƙi ne, domin a shekarar 1940 Turawan Ingila suka buɗe tashar Omdurman cikin wani ɗaki na gidan waya, da nufin sanar da jama'a labarin Yaƙin Duniya na Biyu ta lasifika. Amma da ƙasa ta sami 'yanci a 1956, sai tashar ta zama makarantar al'umma, wadda ke buɗe yini da tilawar Alkur'ani, ta bi da labarai, da waƙoƙin Hakiba, da nasihar malamai.

Mu Hausawan Wad Haddad da Mai Wurno, jikokin muhajirai da mahajjata, kunnuwa biyu gare mu. A wancan zamani, bayan sallar isha'i, dattawa kan kewaye akwatin rediyo guda a kan tabarma, a saurari Omdurman da Larabci, sa'an nan mai akwatin ya murɗa allura sannu a hankali cikin ƙugi da shuwa, har muryar Landan, wadda ta soma Hausa a 1957, ta fito sarari. Da aka kafa talabijin na karkara a Wad Madani a farkon shekarun 1970, sai manomin auduga ya ga malamin gona yana bayanin ban ruwan hawasha, wato gonar manomi, da maganin tsutsa, ya kuwa amfana.

Sai dai akwai illar da ta daɗe a ɓoye, domin kowane juyin mulki, daga na Abbud a 1958, da na Numairi a 1969, har zuwa na Bashir a 1989, da taken soja a tashar Omdurman ya soma; kuma da aka sallami ƙwararru da sunan maslahar jama'a, tashar ta koma kakakin hukuma, mutane suka juya ga tauraron ɗan'adam da wayar hannu. A Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke, mayaƙa suka mamaye harabar tashar, inda taskar faya-fayen muryoyin magabata take.

Wasiyyata ga masu sake gina ta ita ce su riƙe makirfo a matsayin amanar talakawa, domin ranar da manomi ya daina gaskata mu, tun kafin harsashi ya taɓa bango, ran nan muka yi hasara.