Yusuf: Asalin Sunan Da Ma'anarsa A Harsunan Duniya

Yusuf na daga cikin sunayen da Musulmi, Kirista da Yahudawa suka yi tarayya a kansu. Ya samo asali ne daga sunan Ibrananci, Yosef, wanda ke nufin "Allah Ya ƙara".

Littafin Farawa ya nuna cewa Rahila, matar Annabi Yakubu, ita ta raɗa wa ɗanta wannan suna bayan ta daɗe ba ta haihu ba, tana roƙon Allah Ya ƙara mata wani ɗa.

Larabawa na cewa Yusuf, kuma shi ne sunan sura ta 12 a Alƙur'ani, mai ayoyi 111. Ingilawa da Faransawa na rubuta Joseph, Sifaniyawa José, Italiyawa kuwa Giuseppe.

A bakin Bahaushe sunan kan koma Yusufu, Isufu ko Isuhu. A Nijar ana rubuta shi Issoufou bisa ƙa'idar Faransanci, kamar sunan tsohon Shugaban Ƙasa Mahamadou Issoufou. Masu jin nauyin ambaton sunan kuma sukan sakaya shi da Maitama, laƙabin da aka san marigayi Ɗanmasanin Kano da shi.

Ke nan, Isuhu a Katsina da Joseph a Jos takwarorin juna ne.