Daga Masaƙa Zuwa Mota: Yadda Aka Gina Toyota

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a Kano ko Maraɗi ya san Toyota: Hayis ɗin da ake yi wa lodin fasinja, da Hilux mai ratsa rairayi, da tsohuwar Corolla da ta ƙi mutuwa. Direbobi kan ce mota ce marar laulayi. Wannan shaida tana da asali, kuma asalin nata ya girmi motar kanta, domin a gidan saƙa aka fara.

An haifi Sakichi Toyoda a 1867 a wani ƙauye da ke yankin Shizuoka na ƙasar Japan. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma tana saƙa da hannu kamar sauran matan ƙauyen. Ya shafe rayuwarsa yana neman yadda zai rage wa masu saƙa wahala. A 1891 ya samu takardar mallakar fasaha a kan wata masaƙar katako, daga baya ya ƙera mai aiki da inji. Amma wadda ta fito da shi ita ce ta 1924, mai suna Type G, wadda ɗansa Kiichiro ya taya shi kammalawa. Injin yana canza ƙoshiya da kansa ba tare da ya dakata ba, sannan da zarar zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya cak.

Wannan tsayawar ita ce babbar dabarar. Kafin nan, idan zare ya tsinke inji ci gaba yake yi, yana ta zubo yadi mai aibi har sai wani ya lura, don haka dole a ajiye mutum yana gadin kowane inji. Da inji ya koyi tsayawa, ma'aikaci ɗaya ya iya kula da injuna masu yawa, kuma yadin banza ya daina fita. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, ƙasar da ta koya wa duniya saƙar inji, ya amince ya sayi haƙƙin fasahar a kan fam 100,000.

Kiichiro ne ya je wannan ciniki, kuma ya biya ta Amurka, inda ya ga yadda mota ta cika tituna. Mahaifinsa ya rasu a 1930. Bayan shekara uku Kiichiro ya buɗe sashen ƙera mota a cikin kamfanin injunan saƙar, a lokacin da Ford da General Motors ke riƙe da kasuwar Japan. Babbar motarsa ta farko, G1, ta fito a 1935, kuma ta sha lalacewa a hanya. Injiniyoyi ke bin ta suna gyara. A 1937 sashen ya zama kamfani mai cin gashin kansa, aka gina masa masana'anta a garin Koromo, wanda tun 1959 ake kiransa birnin Toyota.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka dagule. A 1950 kamfanin ya kai bakin rami. Bankuna suka ce ba za su ba da rance ba sai an raba sashen sayarwa da na ƙira, an kuma rage ma'aikata. Aka yi yajin aiki na kusan wata biyu. A ƙarshe ma'aikata da dama suka tafi, shi ma Kiichiro ya ajiye muƙaminsa ya bi su, yana mai ɗaukar alhakin abin da ya faru. Makonni kaɗan bayan haka yaƙin Koriya ya ɓarke, sojojin Amurka suka yi odar manyan motoci, kuɗi ya shigo. Masu yabon Toyota ba su cika son ambaton wannan ba, amma gaskiya ita ce sa'a ta ceci kamfanin a wannan shekara. Kiichiro bai ci moriyar farfaɗowar ba, ya rasu a 1952.

Sa'a kan zo wa kamfanoni da yawa, abin da aka yi da ita ne ya bambanta. A 1950 ɗin, ɗan'uwan Kiichiro, Eiji Toyoda, ya je ya zauna a katafariyar masana'antar Ford ta River Rouge. Can ana fitar da dubban motoci a rana, su kuwa 'yan gomomi. Ya dawo da yaƙinin cewa kwaikwayon Ford ba zai kai su ko'ina ba: ba su da jari, ba su da filin jibge kaya, kasuwarsu ƙarama ce kuma tana son motoci iri-iri. Sai ya ba wani injiniya mai zafin kai, Taiichi Ohno, wuƙa da nama.

Ohno daga ɓangaren zare da saƙa ya fito, kuma bai manta darasin Sakichi ba. Ya kawo shi layin haɗa mota: aka rataya igiya a gefen layi, duk ma'aikacin da ya ga kuskure yana da ikon janta, shugaban rukuninsa ya garzayo, idan abin bai gyaru nan take ba layin ya tsaya. A masana'antun Amurka na wancan zamani, tsayar da layi laifi ne da ka iya jawo wa lebura kora. A bar mota ta wuce da aibinta, a gyara a ƙarshe. Ohno ya ce kuskuren da aka bari ya wuce, an binne shi ne a ƙarƙashin wasu sassan, gyaransa sai ya ninka tsada. Da farko layukan tsayawa suke ba ƙaƙƙautawa, manajoji suna ta gunaguni. Da aka riƙa bin kowace matsala har tushenta, tsayawar ta yi ta raguwa.

Ɗaya ginshiƙin tsarin kuwa tunanin Kiichiro ne tun kafin yaƙi: kada a ƙera wani sashe sai ana bukatarsa, kuma daidai adadin da ake bukata. Ohno ya ɗauki salon manyan kantunan Amurka, inda ake mayar da kaya a kan kanta gwargwadon abin da masu saye suka ɗiba. Kowane akwatin kaya aka liƙa masa kati, wanda ake kira kanban. Komawar katin baya ita ce umarnin a ƙera wani. Sito cike da kaya, a wurin Ohno, kamar ciyawar damina ce da ke rufe ramukan hanya. Sai da aka kwashe shekaru fiye da goma kafin tsarin ya game dukkan masana'antun kamfanin, sannan ya kai ga masu kawo masa kaya.

Daga nan motoci suka biyo baya. Crown da aka fara kaiwa Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ta ji kunya a manyan titunansu, aka janye ta. Corolla ta fito a 1966, Hilux a 1968, Lexus a 1989, sai Prius mai haɗa fetur da lantarki a 1997. Ya zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50.

Masu cewa sirrin halin Japanawa ne kawai sun samu amsa a garin Fremont na jihar Kaliforniya. General Motors ta rufe masana'antarta ta can a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci marasa inganci. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, akasarin waɗanda aka ɗauka tsoffin ma'aikatan ne, aka ba su horo da igiyar nan. Cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors. A ganina, wannan ya fi kowace mota nuna abin da Eiji da Ohno suka gina, wato hanyar aiki da za a iya koya wa wani, kuma ba ta mutuwa da mutuwar mai ita.

Ba a ce kamfanin bai taɓa kauce wa wannan hanya ba. A 2008 ya zarce General Motors a yawan sayarwa, amma a 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur. Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka ya amsa cewa gudun faɗaɗa kasuwa ya rinjayi kula da inganci, kuma a 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ya sani. Girgizar ƙasar da aka yi a Japan a 2011 ma ta nuna cewa rashin ajiyar kaya na da nasa haɗarin. A yau Toyota na sayar da motoci sama da miliyan 10 a shekara, fiye da kowane kamfani a duniya, amma a fagen motoci masu lantarki zalla, Tesla da BYD ta ƙasar Sin sun yi masa nisa.