Manhajojin Da Ke Aiki A Kan Linux Da Windows Duka: Yadda Suke Da Yadda Ake Haɗa Su

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar tsaro ta kyauta, ita kuwa Windows 11 ba ta hawa kan tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin na hannu da 'yan'uwa ke saye a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Wanda bai da kuɗin sabuwa yana da mafita, wato Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991. Kyauta ce, tushenta a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara. Nau'o'inta suna da yawa, amma ni Ubuntu ko Linux Mint nake nuna wa sabon shiga.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, to manhajojin da na saba da su fa? Da yawansu an ƙera su ne don su yi aiki a kan Windows da macOS da Linux gaba ɗaya. Firefox da Chrome, VLC ta kallon bidiyo, Telegram, Zoom, duk suna nan. LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel, sai dai wani lokacin tsarin shafi kan ɗan goce. Haruffanmu masu lanƙwasa ma ba matsala, akwai tsarin madannai na Hausa a ciki, zaɓa kawai za ka yi.

Amma fa Microsoft Office da Photoshop da CorelDRAW ba su da na Linux. Mai cin abinci da CorelDRAW a wuraren ɗab'i na Shomolu kada ya yi gaggawar goge Windows ɗinsa. Akwai Wine, wadda ke sa wasu manhajojin Windows su tashi a kan Linux, wata ta yi lafiya lau, wata ta ƙi. Ban ba kowa shawarar ya ɗora sana'arsa a kanta ba. WhatsApp kuwa ta burauza ake shiga.

Wajen saukewa, hanya mafi aminci ita ce rumbun manhajoji da ke zuwa da Linux ɗin kanta. Bayan ita akwai Flatpak da Snap da AppImage. Flatpak na da kyau, amma a karon farko takan jawo kayan tallafi na ɗaruruwan megabait ko da manhajar 'yar ƙarama ce, ka ga data ta tafi. AppImage fayil ɗaya ce tal, ba a girka ta, izinin tashi kawai za ka ba ta. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a filas.

Ga matasanmu masu son haɗa manhaja, kayan aikin da ka zaɓa shi ke yanke wa zai iya amfani da abin da ka yi. Electron, wadda GitHub ya fitar, ita ce mafi sauƙin shiga ga wanda ya iya haɗa shafin intanet da JavaScript, da ita aka yi Visual Studio Code da Slack da Discord. Illarta ita ce kowace manhaja tana ɗauke da injin burauzar Chromium sukutum a cikinta. Buɗe biyu ko uku a kwamfuta mai RAM gigabait 4, za ka ji fanka na kuka, batir na zuƙewa, ga wutar da ba ta da tabbas. Qt ta fi wuyar koyo, da C++ ko Python ake rubuta ta, amma ba ta da nauyi, a kanta VLC da Telegram suke. Flutter ta Google da yaren Dart take aiki, ribarta rubutu ɗaya zai ba ka ta waya da ta kwamfuta. Tauri kuma tana aron injin burauzar da ke cikin kwamfutar ne, shi ya sa fayil ɗinta ke fitowa ƙarami.

In manhajar lissafin shago za ka yi wa 'yan kasuwar Mile 12 ko Sabon Ibadan, Qt ko Flutter zan ce ka kama, domin kwamfutar shago ba kasafai take zama sabuwa ba.

Ko wacce ka ɗauka, ka lura da sunan fayil. A Linux "Kaya.txt" da "kaya.txt" fayiloli biyu ne daban, Windows kuwa ɗaya take ɗaukarsu. Alamar da ke raba sunayen manyan fayiloli a adireshi ma ta bambanta, don haka kar ka rubuta ta da hannu, bar yaren ya haɗa maka adireshin. Kafin ka miƙa wa mai shago, gwada manhajar a kan Windows da Linux duka, a kwamfuta irin tasa, ka cire intanet ka ga ko za ta tashi.