Inda Katanga Take Fara Mutuwa

Ina ɗan shekara goma sha biyu katangar gabas ta gidanmu a Bafarawa ta faɗi, cikin wani dare na watan Agusta. Da gari ya waye na tarar ba narkewa ta yi ba. Tubalan sama sun sauko a haɗe, yaɓensu lafiya lau. Wuri ɗaya ne ya yanke, wani siririn layi a karkace kusa da gindi, inda indararo ya shekara yana zubar da ruwa. Kakana, wanda magini ne, bai ɗora wa ruwan daren laifi ba. Ya ce tun bara katangar ta mutu, jana'izarta kawai muka halarta.

Maganarsa ta faɗo mini a rai ranar da na ziyarci kufan Alƙalawa, kusa da Sabon Birni. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya mai da wurin babban birninsa, bayan ya ci Zamfara da yaƙi, a nan kuma Bawa Jangwarzo ya yi mulki. Birnin ya gagari mayaƙan jihadi a 1804, shekarar da aka gwabza a Tsuntsuwa, bai faɗi ba sai a Oktoban 1808, lokacin da aka kashe Sarki Yunfa. Abin da ya rage na ganuwarsa a yau tudun ƙasa ne. Abin da ya fi yaƙi cinye ta shi ne watsewar masu gyara, domin a biranen Hausa gayya ake yi bayan damina a bi ganuwa ana toshe tsaga tun tana ƙarama.

Tun Alƙalawa tana kan ganiyarta, a 1773, wani injiniyan sojan Faransa, Charles Coulomb, ya gabatar da bayanin wannan lamari a birnin Faris. Ya nuna cewa ginin ƙasa ba ya gazawa ko'ina lokaci guda; wani sashe ne yake zamewa a kan wani, bisa shimfiɗa ɗaya karkatacciya. Abu biyu ke hana zamewar: danƙon laka da gogayyar ƙwayoyin ƙasa. A 1925 Karl Terzaghi ya ƙara da cewa ruwan da ya cika tsakanin ƙwayoyin yana rage matsewar da ke riƙe su. Da zarar wuri ɗaya ya sassauta, motsi sai ya taru a kansa, ya ƙara raunana shi, alhali sauran ginin bai ko girgiza ba. Ƙarfe ma haka yake: a 1885 Armand Considère ya bayyana yadda sandar da ake ja take sirancewa a wuri ɗaya kafin ta tsinke a nan. Kowane maƙerin garma a Isa ya san wannan da hannunsa.

Girman gini bai canza hukuncin ba. Madatsar ruwa ta Bagauda a Jihar Kano, wadda ita ma da ƙasa aka tayar da ita, ta ɓalle a Agustan 1988, ruwa ya ci rayuka da gidaje. Ta Goronyo da ke kan gulbinmu na Rima ita ma ginin ƙasa ce, kuma ambaliyar Satumban 2010 ta nuna wa mutanen Sakkwato nauyin abin da take riƙe da shi.

Mu da muka gaji Gobir mun koma bulo da siminti, muka ɗauka an gama da gyara. Amma bulo ma daga gindi yake jan laima. Na yi digiri kafin na gane cewa zagayen da kakana yake yi wa gida kowace kaka, yana ƙwanƙwasa gindin bango da sandarsa yana saurare, binciken injiniya ne cikakke. Bana ni na ɗauki sandar. A kusurwar ɗakin mahaifiyata ta yi ƙarar rami, kuma mun yaɓe wurin kafin ruwan farko.