Daga kaset zuwa katin waya: tafiyar gitar Abzinawa zuwa shagunan faifai na duniya

A watan Mayu na shekara ta 2021, kamfanin Matador na birnin Niyok ya fito da faifan wani makaɗin gitar ɗan jihar Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar. Sunan faifan Afrique Victime. Shekaru 13 kafin nan, waƙoƙin wannan saurayi ba su da kwali, ba su da farashi, sau da yawa ma ba su ɗauke da sunan mai su: suna yawo ne cikin wayoyin salula tsakanin Abalak, Agadas da Kidal. Wanda ya bi sawun wannan tafiya zai tarar cewa cikin shekaru arba'in hanyar mallakar waƙa ta sake kama har sau uku, kuma kowane sauyi ya zo da sabon mai ajiya da sabon mai cin riba.

Kasuwar da ta karɓe shi tana da nata tarihi. Abin da Faransawa ke kira musique alternative, wato kiɗan da ya saɓa wa yayi, ya yi tushe ne a Ingila da Amurka a ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da samarin makaɗa suka gaji da jiran manyan kamfanoni. A 1976 Geoff Travis ya buɗe wani ɗan shagon faifai mai suna Rough Trade a yammacin Landan. A watan Janairu na 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta birnin Manchesta ta ranto kuɗi wajen dangi da abokai, ta buga faifanta da kanta, guda 1,000, ya kuwa ƙare. Daga nan aka sami wani irin mai saye na dabam: mutumin da ba ya jiran rediyo ta zaɓar masa, mai tonon akwatunan faifai, mai alfahari da abin da maƙwabcinsa bai taɓa ji ba. Irin wannan mai saye ne, bayan shekaru talatin, ya karkato kunnensa wajen Sahara.

A daidai lokacin da ake buɗe waɗancan shaguna, wani kiɗa na tsirowa a gefen hamada ba tare da shago ko kamfani ba. Farin 1973 da na 1984 sun hallaka dabbobi, suka kora samarin Abzinawa zuwa Tamanrasat da biranen Libiya neman abin yi. Aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi, sunan kuma ya bi kiɗansu. A wajajen 1979 Ibrahim ag Alhabib da abokansa suka kafa ƙungiyar da ta zama Tinariwen. A ɓangaren Nijar kuwa, Abdallah ag Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal su ne suka share fage. Kayan aikinsu gitar ne, da tafi, da jarka a madadin ganga. Mai son waƙa shi ke zuwa da kaset marar komai, a ɗora masa, ya tafi. Shi ma in ya isa gari sai a kwafa daga nasa, a kwafa daga kwafin, har murya ta dushe, ƙarar zaren ta kusa rinjayar kiɗan.

Wannan kaset ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. A inda babu jarida da Tamajak, kuma rediyo na hannun gwamnati, ita ce wasiƙa, ita ce shela. Bayan abin da ya auku a Cintabaradan a watan Mayu na 1990 da tawayen da ya biyo baya, waƙoƙin Abdallah suka zama haramtattu, wanda aka kama da su a shingen bincike yana iya kwana a tsare. Shi ya sa ba a rubuta suna ko kwanan wata a jikinsu. Dabarar tsira ce a wancan lokaci. A yau kuwa ita ce babbar wahalar mai binciken tarihi. Sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 sannan gitar ta fito sarari, ta shiga gidajen buki da ranakun suna, ta zama sana'a.

Taro ne ya fara kai ta ƙetare. A watan Janairu na 2001 aka yi Festival au Désert na farko a Tin Essako, cikin yankin Kidal na Mali; daga 2003 aka mayar da shi Essakane, kan tuddan rairayi a yamma da Tumbuktu, inda a shekarar Robert Plant na tsohuwar ƙungiyar Led Zeppelin ya hau dandali. Baƙi ƴan jarida da masu shirya bukukuwa suka koma gida da labari, ƙofofin Turai suka buɗe wa Tinariwen, har ta karɓi lambar Grammy a 2012 da faifan Tassili. A wannan shekara ce kuma aka yi taron na ƙarshe, kwanaki kaɗan kafin yaƙi ya mamaye arewacin Mali. Bukin da ya gabatar da kiɗan ga duniya ya mutu, kiɗan kuwa ya ci gaba da zaga bukukuwan wasu.

Ana cikin haka sai wayar salula ta kawar da kaset. Wayoyi masu araha ƙirar Sin sun zo da ɗan katin ajiya da Bluetooth, ta yadda mutum biyu za su kusanta wayoyinsu a tasha ko bakin rijiya, waƙa ta tsallaka, ko da babu layi a wurin. A rumfunan kasuwa aka sami masu kwamfuta da ke cika wa mutum kati a kan ƴan kuɗi kaɗan. Kuɗin na mai rumfa ne. Makaɗi sunan kaɗai yake samu, sunan ne kuma ke jawo masa gayyatar buki. A 2008 Mdou Moctar ya sauka Sakkwato, ya ɗauki waƙoƙin da suka zama Anar a ɗakin ɗaukar sauti irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa. Bai buga faifai ba, bai kai wa kowane ɗan kasuwa ba. Katunan waya suka ɗauke su har cikin Mali.

A Kidal ne wani Ba'amurke ɗan birnin Portland, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, mai suna Tahoultine, lokacin da yake musayar waƙoƙi da samarin garin tsakanin 2009 da 2010. Ya tattara abin da ya kwaso, ya fitar da shi a 2011 kan faifan garmaho mai suna Music from Saharan Cellphones, a ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds. Abin lura a nan shi ne wahalar da aka sha kafin a gano masu waƙoƙin, domin a wayoyi da dama ba a ajiye su da cikakken suna ba. Mdou ya sha ba da labarin cewa da aka kira shi ya ɗauka wani ɗan'uwansa ne ke masa ba'a, ya katse wayar. An tsara cewa kashi 60 cikin ɗari na ribar faifan na makaɗan ne. Akwai ban mamaki cikin lamarin: waƙar da aka matse don ta shiga ƙaramin kati, wadda ake ba juna kyauta a Agadas, ita ce aka zuba a faifan zamanin kakanni, aka yi mata kwali mai zane, masu tarawa na biyan daloli don su jera ta a kanta.

Ba Kirkley ne na farko ba. Kamfanin Sublime Frequencies na birnin Siyatil ya riga ya fitar da Group Inerane a 2007 da Group Bombino a 2009, cikin jerin Guitars from Agadez, a adadi kaɗan da ke ƙarewa nan da nan, farashinsu ya hau a hannun masu sake sayarwa. Bombino, wanda tawayen 2007 ya tura gudun hijira Burkina Faso, ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a watan Janairu na 2010. Faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar Grammy.

Sauyi na uku shi ne saye ta intanet. Shafin Bandcamp, wanda aka buɗe a 2008, ya bai wa ƙananan kamfanoni damar sayar da waƙa kai tsaye, shafin na cire kashi 15 cikin ɗari. A 2020, shekarar da annoba ta rufe dandalin wasanni, Sahel Sounds ya riƙa fitar da Music from Saharan WhatsApp wata-wata: makaɗa su ɗauki sauti da waya, su tura, a sa a kasuwa, kuɗin duka ya koma gare su. Ƴan Etran de l'Aïr na Agadas ne suka buɗe jerin. Tsari ne mai adalci fiye da na mai rumfa, sai dai mai saye yana buƙatar katin banki, abin da ya sa kusan dukan masu sayen na ƙetare ne. Haka ma a dandali: Mdou Moctar ya yi wasa a bukin Coachella na Kaliforniya a 2024 gaban jama'ar da ke jin zafin gitar ba tare da sun fahimci baiti ɗaya ba, alhali waƙoƙinsa na magana ne kan yuraniyom na Arlit, da mulkin mallaka, da halin da mata ke ciki. Ba laifin masu sauraro ba ne, amma rabin waƙar ne ke isa gare su.

Abin da ya fi shafar malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne ajiya. Kaset na narkewa da zafi, kati na gogewa ko ya ɓace tare da waya, ba kuma wanda ke gadon su kamar yadda ake gadon littafi. Mamman Sani, tsohon malamin makaranta wanda kiɗan ogansa ya daɗe yana raka shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, ya ɗauki kaset ɗaya a 1978 wadda aka kwafa a adadi kaɗan ƙwarai. Sai a 2013 aka sake fito da ita, a Portland, bayan an tarar da kwafi guda a Yamai. Anou Malane, wanda Abdallah ag Oumbadougou ya ɗauka a Benin a 1995, shi ma a can aka sake buga shi a 2019. Waɗannan biyu suna da suna da shekara, shi ya sa suka tsira. Kaset ɗin shekarun tawaye ba su da ko ɗaya, kuma mai son sanin inda aka rera wata waƙa, da wanda ya tsara ta, da abin da ya jawo ta, dole ya nemi direbobi da tsofaffin ishumar da suka yi dakon su cikin aljihu. Abdallah kansa ya rasu a farkon shekara ta 2020.