Diyya, Dangi da Inshora: Yadda Gidajen Tsohuwar Maiduguri Suka Tsare Dukiyarsu Daga Ƙara

Tsohuwar Maiduguri ta girmi birnin da ya ari sunanta. Tun a ƙarni na 19 gari ce mai kasuwa a yankin Uje, kusa da kogin Ngadda, inda manoman Barebari da makiyayan Shuwa da fataken Hausa ke haɗuwa. Yerwa, mazaunin Shehu, daga baya ta zo. Rabe ya ci Borno a 1893 ya rushe Kukawa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, sannan Shehu Abubakar Garbai, bayan ya zauna a Monguno da Kukawa, ya sauka a Yerwa a 1907. A 1957 aka haɗe garuruwan biyu da suna ɗaya, yau kuma tsohon garin unguwa ce a ƙaramar hukumar Jere. Sarauta ta sauya, kuɗi sun sauya daga wuri zuwa fam zuwa naira, amma damuwar magidanci tana nan yadda take: idan shi, ko ɗansa, ko dabbarsa ta jawo wa wani asara aka kai ƙara, daga ina za a biya, kuma me zai rage wa iyali?

Amsar farko daga littattafan fiƙihu ta fito. Musulunci ya shiga gidan sarautar Kanem tun ƙarni na 11, Mai Idris Alauma kuma ya ƙarfafa hannun alƙalai a ƙarni na 16. Mazhabar ƙasar Malikiyya ce, alƙalanta da Risalar Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam suke hukunci. Waɗannan littattafai sun rarrabe wanda ramuwa ke hawa kansa dalla-dalla. Dabbar da ta shiga gona da dare ta yi ɓarna, mai ita ne zai biya, domin tsare dabba da dare aikinsa ne. Da rana kuwa tsaron gona na kan manomi. A ƙasar da garken Shuwa ke kiwo gab da gonakin gero da dawa, wannan hukunci ne na yau da gobe. Wanda ke kan doki, da mai jansa, da mai kora shi, duk suna ɗauke da alhakin abin da ya taka. Marini ko maɗinki da ya karɓi tufar mutane ya tafi da ita wurin aikinsa, in ta ɓace shi ke biya, sai fa in ya kawo shaida cewa ba da sakacinsa ba ne. Wanda aka ba ajiya don amana kawai ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci.

Babban abin da ke iya cinye gida gaba ɗaya shi ne jini. Diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Manomi ɗaya ba shi da wannan ko da ya sayar da duk abin da ya mallaka. Shi ya sa shari'a ba ta ɗora masa shi kaɗai ba, ta raba nauyin a kan aƙila, wato mazan danginsa na wajen uba, na kusa kafin na nesa. Mai laifin yana biyan kaso kamar kowane ɗayansu. Ba a karɓa daga mata, ko yara, ko matalauci, kuma kowa gwargwadon ƙarfinsa ake yanka masa. Ba a neman kuɗin rana ɗaya. Cikin shekaru uku ake kammala cikakkiyar diyya. Wanda ba shi da dangi, baitulmali ne ke tsaya masa. Abin da ya rage a wuyan mai laifin shi kaɗai shi ne kaffara, tsakaninsa da Ubangijinsa.

Hikimar wannan tsari a fili take. Iyalan mamaci ba sa tashi hannu banza don kawai wanda ya kashe nasu talaka ne, gidan mai kuskure kuma ba ya rushewa. Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: dangin da suka san za su biya idan yaronsu ya yi ganganci da doki ko da mashi, su ne kan gaba wajen tsawata masa tun kafin abu ya faru.

Sai dai aƙila tana da iyaka, kuma iyakar ce ta nuna inda magidanci ke tsaye shi kaɗai. Ba ta ɗaukar kisan ganganci. Ba ta ɗaukar abin da mutum ya amsa da bakinsa ba tare da shaidu ba. Raunin da diyyarsa ba ta kai sulusin cikakkiyar diyya ba, daga dukiyar mai laifin ake fitar da shi. Ɓarnar dukiya kuwa, gona ce ko rumbu ko gobarar da ta tsallaka zuwa gidan maƙwabci, ba ruwan aƙila da ita.

Wannan giɓi al'adar Borno ce ta cike shi. Gida a wannan ƙasa bai tsaya kan miji da mata da 'ya'ya ba. Akwai barori da yaran gida da almajirai, kowa kuma yana da ubangidan da yake jingina da shi, tun daga bulaman unguwa zuwa lawan, zuwa aja, har fadar Shehu. Mutum kan yi shekaru yana kai gaisuwa da hidima, ranar da rigima ta same shi ubangidan ya shiga gaba, ya roƙi sassauci, ko ya tsaya masa lamuni, ko ya biya a yi lissafi daga baya. Yawancin ƙorafi a zauren bulama yake mutuwa ta hanyar sulhu, bai kai gaban alƙali ba. Tsarin ya fi yi wa mai mutane daɗi. Baƙo, da maraya, da wanda ya saɓa da manya, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Idan bashi ya tabbata kuma ya fi ƙarfin dukiya, alƙali kan hana mutum taɓa kayansa, ya sayar ya raba wa masu bi gwargwadon haƙƙinsu. A Malikiyya har gidan zama ana iya sayarwa. Abin da ake bar masa shi ne abincin iyali na ɗan lokaci da tufafin da aka saba. Amma akwai abin da hannun mai bin bashi ba ya kaiwa: dukiyar matar gida. Sadakinta, da kayan ɗakinta, da awakinta, da zinariyarta nata ne, bashin miji bai hau kansu ba. Gidaje da yawa da wannan suka sake miƙewa. Kyauta ga 'ya'ya da hubusi su ma suna fitar da kadara daga mallakar mutum, amma malamai sun toshe ƙofar wayo: kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, kuma wanda bashi ya riga ya mamaye dukiyarsa, masu binsa na da ikon hana kyautar tasa.

Da Turawan Ingila suka karɓi mulki ba su rushe kotunan alƙalai ba. Dokar kotunan gargajiya ta 1906 ta shigar da su cikin tsarin En'e, suka ci gaba da shari'ar bashi da gado da ɓarna. Babban canji a 1960 ya zo, lokacin da kundin laifuffuka na Jihar Arewa ya karɓe shari'ar kisa daga hannun fiƙihu, sannan a ƙarshen shekarun 1960 aka mayar da kotunan En'e kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Diyya ba ta ɓace ba, ta koma zauren sulhu, inda har yau ake maganarta. Dokar zartar da hukunci ta tarayya ta zo da irin nata sassaucin: ana fara kama kayan da ake iya ɗauka, ba a taɓa gida ko fili sai sun kasa kuma kotu ta ba da izini, ana kuma ƙyale tufafi da shimfiɗa da ɗan kayan sana'a.

Abin da ya sauya girman haɗarin shi ne mota. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, birnin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ta Borno a 1976, manyan motoci suka cika hanyoyin Kano da Bama da Gamboru. Doki kan taka mutum ɗaya. Motar haya na iya hallaka goma cikin ƙiftawar ido. A daidai wannan zamani dangi suka warwatsu zuwa Legas da Kaduna da Injamena, babu kuma baitulmalin da ke biyan diyya.

Inshorar zamani ta shigo Najeriya ta bakin teku, inda kamfanin Royal Exchange ya buɗe reshe a Legas a 1921. Dokar 1945 ta wajabta wa mai mota inshorar da za ta biya wanda ya kaɗe ko ya raunata, ta fara aiki a 1950. An kafa kamfanin NICON a 1969, hukumar kula da inshora ta NAICOM a 1997, dokar inshora ta 2003 kuma ta wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga da benayen da ake ginawa in sun wuce hawa biyu. Daga Janairun 2023 kuɗin inshorar ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, abin da ake biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. A Amurka, inda ƙarar neman ramuwa ke iya kaiwa miliyoyin daloli, kamfanoni na sayar da inshorar laima, wadda ke hawa saman ta mota da ta gida ta biya abin da ya fi ƙarfinsu, galibi daga dala miliyan 1 zuwa sama. Wannan ita ce ta fi kusa da aikin aƙila, sai dai da kuɗi ake sayenta, mai kuɗin ne kuma kawai ke samu.

A Tsohuwar Maiduguri inshora ba ta kama ƙasa sosai ba, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Malamai da yawa sun ga garari, wato rashin tabbas, da riba a cikinta. Direbobi da dama sun ɗauki takardar a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a shinge, takardun jabu kuma suka yi yawa har kamfanoni suka buɗe rumbun bayanai na kwamfuta don tantance ta gaskiya. Idan tsautsayi ya auku, ƙungiyar direbobi ta tasha ce ke yin karo-karo, haka masu Keke Napep, waɗanda suka yawaita bayan hana acaɓa a birnin a 2011. Shugabanninsu kan je ta'aziyya tare da malamai da dattawa, sau da yawa iyalan mamaci su yafe ko su karɓi kaɗan. Yafiya alheri ce, amma tana iya barin marayu ba komai, musamman da yake dinari 1,000 ya kai zinariya kilo 4 da kwata, abin da babu wata tasha da za ta iya tarawa. Rikicin tayar da ƙayar baya da ya fara a 2009 ya ƙara raunana jingina da dangi, domin waɗanda ake sa ran su taimaka su ma gudun hijira suka yi.

Takaful ce ta zo da niyyar sasanta fiƙihu da inshora. Mahalarta na zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kamfani yana gudanarwa a kan lada, ba a juya kuɗin a harkar riba, abin da ya yi saura kuma ana iya raba musu. Malaman da suka halatta ta da tsarin aƙila suka kafa hujja. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful suka samu lasisi a 2016. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken inshorar mota a faɗin ƙasa, a Agustan shekarar kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003.